Ciwon So da Maganinsa: Jigon Farfaɗowa da Sanin Darajar Kai a Wasu Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk shekara idan lokacin shirya wannan mujalla ya zo, mukan zauna mu karanta gajerun labaran da ɗalibai suka aiko mana. Galibinsu labaran soyayya ne, kuma ba mu ga laifin hakan ba, domin mai shekara ashirin da 'yan kai abin da ke damun zuciyarsa shi zai rubuta. Abin da ya daɗe yana jan hankalinmu shi ne yadda labaran kan ƙare. Saurayi ya yaudari budurwa, ko miji ya wulaƙanta matarsa, ta yi kuka shafi biyu ko uku, sai kwatsam ga wani Alhaji, ko wani likita da ya dawo daga Turai, ya tsaya da mota a ƙofar gidansu. A ɗaura aure, tsohon masoyi ya ji labari ya ciji yatsa, shi ke nan labari ya ƙare. A ganin marubucin ya share wa tauraruwarsa hawaye. Mu kuwa tambayar da kan rage mana ita ce, da motar nan ba ta tsaya ba fa? Me wannan yarinya za ta riƙe ta rayu da shi?

Wannan tambaya ce ta sa muka koma ga wasu ƙagaggun labarai guda huɗu waɗanda ɗaliban Hausa suka sani, domin mu duba irin maganin da kowannensu ya ba wanda so ya yi wa rauni. Littattafan su ne Jiki Magayi (1934) na John Tafida da Rupert East, da In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, sai kuma Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne, waɗanda Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990. Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin kafawa shi ne cewa warakar da mai karatu kan gaskata a labari ita ce wadda tauraro ya sha wuyar nemanta da hannunsa, har ya san darajar kansa tun kafin wani ya sake cewa yana son sa.

Ya kamata mu tuna cewa jigon soyayya ya samu gindin zama a rubutaccen zube na Hausa tun daga 1980, lokacin da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano. Muhawara mai zafi ta biyo baya a jaridu cikin shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu kuma suka tsaya kare su. Sai dai muhawarar ta fi karkata ga batun tarbiyya da ingancin harshe da tasirin finafinan Indiya. Abin da ke faruwa da tauraro bayan so ya ɓaci bai samu kulawar da ta dace da shi ba, alhali kuwa a nan ne mai karatu da ke ɗauke da irin wannan ciwo yake neman abin da zai amfane shi.

2.0 Ƙauna da Mutunci a Bakin Bahaushe

Kafin mu shiga cikin littattafan, yana da kyau mu tsaya a kan kalmomi biyu. Ta farko ita ce ƙauna. Mun saba ɗaukar ta a matsayin 'yar'uwar so, amma idan Bahaushe ya fid da rai ga wani abu sai ya ce ya yanke ƙauna. Manomin da damina ta tsaya masa yakan yanke ƙauna da amfanin gona, haka ma mai jinyar da likita ya sallama. Wato ke nan harshen da kansa ya ɗaure so da sa rai da igiya guda. Wannan ne ya sa wanda masoyi ya juya wa baya yakan ji kamar gobensa ce aka tafi da ita gaba ɗaya. Aikin farko na mai neman waraka shi ne ya kwance wannan ƙulli, ya gane cewa yanke ƙauna da mutum guda daban, yanke ƙauna da rayuwa daban.

Kalma ta biyu ita ce mutunci. A.H.M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa mutunci cikin halaye goma da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da sauransu. Idan muka dubi aikatau ɗin da kan raka wannan kalma, za mu ga ana cin mutunci, ana keta shi, ana zubar da shi, ana kuma kare shi. Wannan yana nuna cewa wani kaso na mutuncin mutum a hannun jama'a yake. Ga mace kuwa, al'ada ta ƙara ɗaure shi da aure, har ana cewa darajar mace ɗakin mijinta. Bisa ga haka, ranar da aka miƙa mata takardar saki, a idon mutane da yawa darajar ta bi ɗakin. Abin da muke nufi da sanin darajar kai a wannan takarda shi ne kason da ke hannun mai shi, wanda saki ko ƙiyayya ba sa iya ɗauke shi, wato abin da Hausawa kan kira sanin ciwon kai.

3.0 Magunguna Biyu da Ba Su Warkar Ba

Jiki Magayi shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da ya gina kansa kacokan a kan ciwon so. Abubakar da Zainabu sun shaƙu da juna a garin Galma, sai attajiri Malam Shehu, wanda ke neman haihuwa ido rufe, ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya rage masa ba. Ya bar gari, ya shiga dazuzzuka neman asirin da zai rama da shi, ya sha baƙar wuya har ya samu. Asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu. Yaron ya tashi ɓarawo, ya jawo wa iyayensa abin kunya, daga bisani ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba.

An saba karanta wannan littafi a matsayin gargaɗi ga masu kuɗin da ke ƙwace wa talaka masoyiya, kuma karatun yana kan hanya. Amma akwai gargaɗi na biyu da ya fi dacewa da batunmu. Tun daga ranar da aka ɗaura auren Zainabu, Abubakar ya daina rayuwa don kansa. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa da abin hannunsa duk sun ƙare a kan Malam Shehu, ta yadda mutumin da ya raba shi da budurwa shi ne kuma ya mallaki sauran kwanakinsa. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, littafin kuwa ya nuna cewa zafin yakan fara cin mai ramuwar. Marubutan sun yi gaskiya da ba su ba Abubakar kwanciyar hankali a ƙarshe ba.

Bayan shekara hamsin da bakwai sai ga In Da So Da Ƙauna da wani magani daban. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da komai, danginta kuma sun fi son ta auri attajiri Abdulƙadir. Da ta ga an rufe mata kowace ƙofa sai ta faɗa rijiya. An ciro ta da rai, kuma a ƙarshe burin masoyan ya cika. Littafin ya karɓu ƙwarai a wurin matasa, ya kuma sha suka daga masu ganin yana koya wa 'yan mata hanyar da ba ta dace ba.

Wajibi ne mu yi wa marubucin adalci. Ya fito da illar auren dole da kwaɗayin iyaye a fili, a lokacin da kaɗan ne ke da ƙarfin halin yin haka, ya kuma ba yarinya baki ta ce ga wanda take so. Duk da haka, ta fuskar jigon da muke nazari, rijiyar nan aibi ce a ginin labarin. Sumayya ta auna ranta da samun Muhammad, ta ga idan babu shi ran ba shi da wani amfani. Da labarin ya saka mata da biyan buƙata bayan wannan mataki, sai ya zama kamar ya gaskata ma'aunin nata. A zahiri, yarinyar da ta faɗa rijiya ba kullum ake ciro ta da rai ba, kuma iyayen da suka kafe ba kullum suke saudawa ba. Abubakar ya juya ciwonsa kan wani, Sumayya ta juya nata kan kanta, amma tushen abin guda ne, wato dukkansu sun damƙa darajarsu a hannun wanda suke so.

4.0 Wa Zai Auri Jahila?: Ilmi a Matsayin Magani

Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, ta sha bayyana cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da kimanin shekara goma sha uku, auren bai ɗore ba, kuma daga baya ne ta nemi ilmi ta hanyar karatun manya. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. Ba mu kawo wannan tarihi don mu mayar da ƙagaggen labari tarihin marubuciyarsa ba. Mun kawo shi ne don ya bayyana dalilin da ya sa ta san tsawon hanyar da ke tsakanin rauni da warkewa fiye da yawancin tsararrakinta.

Tauraruwar Wa Zai Auri Jahila? ita ce Abu, yarinyar ƙauye mai shekara goma sha uku. Mahaifinta Malam Garba ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Amadu, wanda aka yi musu alkawarin aure, ya je birni ya yi boko, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Don ya huce haushi ya kuma rufe bakin mutane, sai uban ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya isa ya haife ta. Abin da ya biyo baya shi ne cin zarafi a ɗakin aure, da ciki a jikin da bai gama ƙosawa ba, da asarar jariri, da cutar yoyon fitsari. A Kano, a hannun wata babbar 'yar'uwarsu Hajiya Kumatu, Abu ta samu mafaka da magani, ta koma karatu har ta kai ga aikin jinya.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne cewa marubuciyar ta ba ciwon jiki da jini. Yoyon fitsari yakan samu ne idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tokare a ƙugu na kwana da kwanaki, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har ya mutu, ƙofa ta buɗe. Matar da abin ya sama takan rasa ɗan, sau da yawa ta rasa mijin, mutane kuma su riƙa gudun zama kusa da ita. A shekarun da aka rubuta littafin ne aikin gyaran wannan lalura ya fara ƙarfi a Arewa, musamman a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi wa dubban mata aiki tun daga shekarun 1980. Da marubuciyar ta ɗora wa tauraruwarta wannan cuta, ta rufe wa kanta ƙofar sauƙi. Babu wani Alhaji mai mota da zai tsaya don yarinyar da ke cikin wannan hali. Tilas ne jiki ya warke tukuna, sannan hankali ya dawo, sannan a zauna a aji a koyi abin da aka rasa, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin lokaci.

Abu na biyu shi ne kalmar da ke cikin sunan littafin. Amadu bai doki Abu ba, kalma guda ya jefe ta da ita, amma kalmar ce ta buɗe ƙofar duk abin da ya same ta. Haka ciwon so yake a mafi yawan lokuta. Wanda aka ƙi yakan ɗauki dalilin da aka ba shi ya mayar da shi sunansa: ni ce mummuna, ni ne matalauci, ni ce jahila. Hikimar littafin ita ce ya ɗauki kalmar ya yi ta juya ta, har mai karatu ya fara tambayar kansa wane ne jahilin na gaskiya. Shin yarinyar da aka hana karatu ce, ko uban da ya hana ta, ko ɗan bokon da iliminsa bai koya masa tausayi ba, ko dattijon da bai san haƙƙin da ke kansa ba? Ranar da Abu ta iya karatu da rubutu, ta kuma zama wadda marasa lafiya ke jiran hannunta, kalmar Amadu ta tashi daga kanta, kuma ko ya janye ta ko bai janye ba babu abin da zai sake.

Abu na uku shi ne matsayin Hajiya Kumatu. Sanin darajar kai ba ya nufin mutum ya warke shi kaɗai a ɗaki. Akwai wadda ta buɗe ƙofa, ta kai asibiti, ta tsaya wa yarinyar a gaban maza. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana. Bambancin wannan taimako da na Alhaji mai mota shi ne, shi yana ɗauke yarinya daga dogaro da wani namiji zuwa dogaro da shi, ita kuwa tana ɗora ta ne a kan ƙafafunta.

Inda za mu yi wa littafin gyara shi ne yawan wa'azi. A wurare da dama muryar marubuciya takan danne ta taurari, maza kuma sukan fito da fuska guda, ta mugunta ko ta wauta. Wannan ya rage wa labarin armashi ta fuskar fasaha, ko da yake bai taɓa ginshiƙin jigonsa ba.

5.0 Alhaki Kwikwiyo Ne: Warakar da Aka Katse

Wannan littafi ya fi na baya wuyar hukunci, shi ya sa za mu fi daɗewa a kansa. Shi ne kuma wanda ya fi fita duniya, domin Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar a 2012.

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, ta haifa masa 'ya'ya tara. Yana da hali, amma abin da yake bayarwa na cefane bai taka kara ya karya ba. Ya auro Delu, macen da ta daɗe tana zaman kanta, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ci gaba da riƙon yaran da karatunsu. 'Yarta Saudatu ta auri attajiri Alhaji Abubakar. Can kuma gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, dukiya ta watse, Delu ta juya masa baya. Da ya rasa tudun dafawa sai ya nemi komawa ga Rabi. Ba ta so, amma mazan da ke kewaye da ita suka matsa mata har ta karɓe shi.

Kashin bayan littafin, a ganinmu, shi ne tsakiyarsa, wato zaman Rabi bayan an kore ta. A gidan Alhaji Abdu ta yi shekaru tana girki ana raina ta. Aikin nan dai shi ne ta fitar waje, sai ga shi mutane suna biyan kuɗi su saya. Tukunyar ba ta sake ba, hannun ma bai sake ba, amma a karo na farko Rabi ta ga an yi wa wahalarta kuɗi, ta kuma ga cewa bakuna tara da ake yi mata gori a kansu tana iya ciyar da su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Marubuciyar ba ta sa Rabi ta tsaya tana jawabi a kan 'yancin mata ba, ta bar lissafin cefane da na kuɗin makaranta su yi magana. Wannan ita ce waraka mafi gamsarwa da muka gani a cikin littattafan huɗu, domin irinta ce muke gani a unguwanninmu, a wurin zawarawan da ke tuyar ƙosai da masu ɗinki da masu kitso, daga Kano har zangon Hausawa na kurmi.

Amma littafin yana da rassa biyu da suka raunana wannan nasara. Reshe na farko shi ne auren Saudatu. Ga yarinya mai kunya da ladabi, ga attajiri ya gan ta ya so ta, ga kaya ana ta shigowa da su gidan da jiya ake neman na tuwo. A nan Balaraba ta koma ga motar Alhaji da muka yi magana a kanta a gabatarwa. Sakamakon haka shi ne mai karatu ba zai iya rarrabewa ba, shin tukunyar Rabi ce ta ɗaga gidan ko dukiyar suruki? Daɗin daɗawa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Surukin da ya zama majinginar gida ya samu bakin magana a kan makomar uwar matarsa, kuma yana cikin waɗanda suka sa ta karɓi mijin da ya wulaƙanta ta.

Reshe na biyu shi ne ƙarshen labarin. Akwai hanya biyu ta karanta shi. Ta farko ita ce a ce marubuciyar ta ja da baya ne, ta ba al'ada abin da take so, wato mace ta yi haƙuri don 'ya'yanta, mahaƙurci mawadaci. Ta biyu ita ce a ce ta nuna gaskiya mai ɗaci ne da gangan, cewa a cikin wannan al'umma ko mace ta tsaya da ƙafarta, hukuncin rayuwarta yana hannun maza. Mun fi karkata ga karatu na biyu, saboda marubuciyar ba ta nuna Rabi tana murna ba, ba ta kuma ce so ya dawo ba. Alhaji Abdu ya komo ne domin ba shi da wurin zuwa. Alhakin da sunan littafin ya ambata ya bi ubangidansa kamar yadda aka yi alkawari, amma a ƙarshe Rabi aka ɗora wa ɗawainiyar ubangidan da kwikwiyon nasa.

A nan ya zama dole mu rarrabe tsakanin yafiya da kome, domin ɗalibai kan gwama su. Yafiya aikin zuciya ce, mai ita yakan sauke kayan da Abubakar na Jiki Magayi ya ƙi saukewa, kuma amfaninta ga mai yafewar yake fara komawa. Kome kuwa sabon ƙulli ne da ke buƙatar yarda. Masu matsa wa mace ta koma sukan fake da addini, alhali a fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, matar da ta gama idda ba a mayar da ita sai da sabon ɗaurin aure da amincewarta. Ƙissar Barira da ke cikin Sahihul Buhari ta isa misali. Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu, shi kuwa yana bin ta yana kuka a titunan Madina. Manzon Allah (SAW) ya nemi ta koma, ta tambaya ko umurni ne, da ta ji cewa ceto ne kawai sai ta ce ba ta da buƙata, kuma ba a tilasta ta ba. Zaɓin da aka bar wa Barira shi ne aka hana Rabi. Da Rabi ta yafe ta kuma zaɓi komawa da kanta, da babu mai cewa komai, domin mace tana iya duban 'ya'ya tara da shekarun da aka yi tare ta ga komen ya fi mata. Abin da ya katse warakarta shi ne an yanke hukuncin a bayan idonta.

6.0 Abin da Sababbin Marubuta Za Su Ɗauka

Yau yanayin rubutu ya sake. Littattafan da a da ake saye a kasuwa yanzu a wayar hannu ake karanta yawancinsu, kuma tun daga 2016 gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC ta buɗe wa mata marubuta wata sabuwar ƙofa. Jigon dai yana nan inda yake, kuma jarrabawar da ke gaban marubuci ba ta sake ba. Daga abin da ya gabata muna iya ba masu aiko mana da labarai shawarwari kamar haka.

Da farko, a ba ciwo lokacinsa. Wanda aka yaudara ba ya warkewa a sakin layi guda. Akwai kwanakin rashin barci, da jin kunyar fita, da maganganun 'yan'uwa, da ranar da mutum zai fara cin abinci ya ji daɗinsa. A cikin waɗannan ƙananan abubuwa labarin yake, kuma su ne ɗalibai suka fi tsallakewa.

Na biyu, a ba tauraro abin yi. Mu tambayi kanmu, ban da so, me wannan yarinya ta iya, me take buri, wa take taimako? Idan amsar ita ce babu, to ba mu ƙagi mutum ba tukuna. Wannan ya shafi taurari maza ma. Saurayin da aka ƙi don talauci, idan labari ya sa ya yi kuɗi dare ɗaya don kawai ya ba tsohuwar budurwa haushi, to Abubakar ne ya dawo da sabuwar riga.

Na uku, ba mu ce kada sabon so ya zo ba. In da rai da rabo, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya ga alheri a ƙarshen wahala. Sharaɗin shi ne ya zo ya tarar da mutum a tsaye. Ma'aunin da muke ba ɗalibanmu mai sauƙi ne: a cire babin ƙarshe, wato babin ɗaurin aure, a sake karanta labarin. Idan tauraruwar ta rushe, to marubucin bai warkar da ita ba. Abu ta ci wannan jarrabawa. Rabi ma ta ci, har ma za a iya cewa labarinta ya fi daɗi idan an cire babin. Sumayya ba ta ci ba.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun duba yadda ƙagaggun labarai huɗu suka tunkari ciwon so. Mun ga ramuwa a Jiki Magayi da sallama rai a In Da So Da Ƙauna, muka nuna cewa dukkansu sun taso ne daga damƙa darajar kai a hannun masoyi. Mun ga ilmi a Wa Zai Auri Jahila? da sana'a a Alhaki Kwikwiyo Ne, inda taurari suka maido da darajarsu da guminsu, ko da yake a littafi na biyun al'umma ta ƙwace wa tauraruwar zaɓinta a ƙarshe. Akwai sauran aiki a wannan fage, musamman a kan littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da na marubutan da ke fitar da ayyukansu ta intanet a yau, da kuma yadda ake siffanta namijin da so ya yi wa rauni. Muna fata wasu daga cikin ɗalibanmu za su ɗauki wannan a kundayen digirinsu, muna kuma sa ran ganin tasirinsa a labaran da za a aiko wa mujalla a fitowa ta gaba.